Babi Na Biyar: Yaushe Ɗan Dambe Yake Tsufa?

A yawancin sana'o'i, mai shekara 35 yaro ne ɗanye. A waɗannan shekarun ne likita yake fara sanin kan aikinsa, hannun malamin makaranta yake faɗawa, ɗan kasuwa kuma a ce yanzu idonsa ya buɗe. Amma a fagen damben boksin, da mutum ya kai 35 an fara yi masa kallon dattijo. 'Yan jarida za su soma tambayarsa yaushe zai ajiye safar hannu, masu shirya wasa kuma su shiga laluben matashin da za su haɗa su, don yaron ya yi suna a kansa. Ba lallai a ga furfura ko ɗaya a kansa ba, kuma in ya tuɓe riga ƙwanjinsa na nan yadda aka san shi. Duk da haka akwai abin da ya ragu, kuma galibi abokin karawarsa ne yake riga shi ganewa.

Mene ne abin da ke raguwar? Me ya sa wani yake ƙarewa tun yana 25, wani kuma ya ɗauki kambun duniya bayan ya haura 40? Kuma me ya sa ɗan damben kansa yake zama na ƙarshen yarda cewa lokaci ya yi? Amsar duka ukun tana cikin yadda tsufa yake bi da jikin ɗan dambe daki-daki, yana ɗauke abin da ke kare shi tun da wuri, yana bar masa abin da ke ba shi ƙwarin gwiwa har ƙarshe.

Aikin da turmi 12 yake nema

Damben neman kambun duniya turmi 12 ne, kowane turmi minti 3, da hutun minti 1 a tsakani. A da turmi 15 ake yi. Bayan da ɗan damben Koriya ta Kudu, Duk Koo Kim, ya rasu a 1982 sakamakon dukan da ya sha a karawarsa da Ray Mancini, wadda ta kai turmi na 14, sai hukumomin dambe suka rage, ɗaya bayan ɗaya, kafin shekarun 1980 su ƙare.

Minti 36 ba komai ba ne a wajen mai gudun fanfalaki, amma shi mai gudu shi yake zaɓar wa kansa saurin da zai iya ɗorewa a kai. Ɗan dambe ba shi da wannan gata. Zai yi daƙiƙa 10 yana zuba naushi da iyakar ƙarfinsa, ya ja da baya, ya kewaya, sannan abokin karawa ya afko masa daidai lokacin da yake neman shaƙar iska. Hannuwansa suna sama tun daga farko har ƙarshe. Ana dukansa a ciki da haƙarƙari, inda numfashi yake. In an rungumi juna, nauyin wani ƙato yana kan wuyansa. Ga kuma fargaba, wadda ita kaɗai tana cin ƙarfin mutum tun kafin a kaɗa ƙararrawa.

Jiki yana samar da kuzari ta hanya biyu. Ta farko tana aiki da iskar oksijin: huhu ya shaƙo, zuciya ta harba jini, jini ya kai wa tsoka. Ba ta da gaggawa, amma tana ɗorewa. Ta biyu ba ta jiran iska. Ita ke ba da ƙarfin da ake kai hari da shi lokaci guda, sai dai nan da nan take ƙarewa, ta bar hannu da ƙafa da nauyi da zogi. Dambe yana cinye ta biyun, ta farkon kuma ita ke sake cika ta. Kowane ɗan dambe yana gajiya; abin da ake kira juriya shi ne saurin dawowa, wato nawa ya maido a minti ɗayan da ya zauna a kusurwa, da kuma cikin 'yan daƙiƙoƙin da ke tsakanin wannan hari da na gaba.

To nan ne shekaru suke fara taɓawa. Iyakar bugun da zuciya za ta iya yi a minti yana raguwa da kusan ɗaya kowace shekara, kuma babu atisayen da ke hana hakan. Lissafin da masu horarwa suka saba yi shi ne a cire shekarun mutum daga 220: mai shekara 20 zuciyarsa za ta kai wajen 200, mai 40 wajen 180. Ƙiyasi ne, mutum da mutum sun bambanta, amma alƙiblar ɗaya ce. Haka kuma yawan oksijin da jiki zai iya sarrafawa a lokacin aiki mai tsanani: bayan shekara 30 yana raguwa da kimanin kashi 10 cikin 100 a duk shekara 10 ga wanda ba ya motsa jiki. Mai atisaye sosai yana iya rage saurin faɗuwar, amma ba ya tsayar da ita. Abin ya yi kama da rijiya a ƙarshen rani: zurfinta na nan, gugan farko ma zai fito a cike, sai dai idon ruwan ya rage tsattsafowa, in aka jera ɗiba za a taɓo laka tun kafin lokacin da aka saba. Shi ya sa tsohon ɗan dambe yakan burge 'yan kallo a turmi 3 ko 4 na farko. Daga na 7 zuwa sama ne za ka ga bakinsa a buɗe, hannuwa sun sauka ƙasa da haɓa, yana neman igiya ya jingina, yana yawan rungume abokin karawa don ya saci hutu.

Abin da ke fara tafiya da abin da ke saura

Zaren da ke cikin tsoka iri biyu ne: masu tsukewa da sauri, waɗanda ake tsalle da zabura da su, da masu tsukewa a hankali, waɗanda ke ɗaukar doguwar wahala. Masu saurin su ne tsufa yake fara sirantar da su. Ɗan dambe yana fara jin wannan a ƙafafunsa, domin da ƙafa ake shiga, da ita ake fita, da ita ake kauce wa naushi da tazarar da ba ta wuce faɗin yatsa ba. Idan ƙafa ta yi nauyi, mutumin da a da yake duka ya ɓace sai ya koma yana duka yana tsaye a inda za a rama.

Sai kuma tazarar da ke tsakanin gani da motsi. Ido ya ga kafaɗar abokin karawa ta motsa, ƙwaƙwalwa ta fassara, saƙo ya sauka, kai ya kauce. Naushi mai kyau yana isowa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, don haka ɗan jinkirin da ba wanda zai lura da shi a harkar yau da kullum ya isa ya raba wanda ya kauce da wanda ya kwanta. Tsofaffin 'yan dambe sukan ba da labari iri ɗaya: suna ganin kafar, sun san naushin da ya dace, amma kafin hannu ya fita damar ta wuce.

Roy Jones Jr. na Amurka ya nuna wannan a fili. A shekarun 1990 ya kan sauke hannuwansa ƙasa ya miƙa fuska, a kai masa duka a sami iska, domin saurin ganinsa da na ƙafarsa sun ishe shi garkuwa. A 2003 ya ƙara nauyi ya hau ajin masu nauyi, ya doke John Ruiz ya ɗauki kambu, sannan ya sake saukowa ajinsa na kilo 79. A watan Mayun 2004, yana da shekara 35, Antonio Tarver ya kwantar da shi da naushin hagu guda a turmi na 2. Bayan wata 4 Glen Johnson ma ya sumar da shi a turmi na 9. Salon da aka gina kacokan a kan sauri, ranar da saurin ya ragu ba a samun abin dafawa.

Akwai kuma raguwar da 'yan kallo ba sa gani, domin a sansanin horo take faruwa. Shirin babban dambe yana cin mako 8 ko fiye: gudu da asuba, dukan buhu, tsallen igiya, damben gwaji. Matashi zai sha wannan wahala yau, ya yi barci, gobe ya tashi garau. Mai shekara 37 sai ya kwana biyu jiki bai sake shi ba. Jijiyoyin kafaɗa da gwiwar hannu sun rage laushi, ƙasusuwan hannu sun sha karaya, fatar gira da aka sha ɗinkewa tana fashewa da ɗan duka kaɗan. Dole ya rage atisaye don kada ya ji ciwo, in ya rage kuma ba zai shiga fage da cikakken shiri ba. Ga matsalar nauyi: kilon da a da yake zubarwa cikin mako 2, yanzu sai da yunwa da ƙishirwa, ya hau sikeli a bushe, ya shiga dambe washegari jiki bai gama dawowa ba.

Abin da ke daɗewa shi ne ƙarfin naushi. Naushi mai kisa ya dogara ne da nauyin jiki, da iya juya ƙugu, da sanin lokacin saki, kuma waɗannan ba sa gudu da wuri. Tsohon ɗan dambe zai doki buhu ya ji ƙarar nan da ya sani tun yana saurayi, ya kai wa yaro naushi a damben gwaji ya ga ƙafarsa ta yi rawa, sai zuciyarsa ta ce masa komai na nan. Ƙarfin kuwa na nan da gaske. Abin da ya tafi shi ne ƙafar da za ta kai shi inda zai saki naushin, da numfashin da zai jira damar, da saurin da zai kare kansa kafin ta zo.

Ina ganiyar take?

Jiki yana kai maƙura tun mutum yana cikin shekarunsa na 20. Ilimin dambe kuwa, wato karanta abokin karawa, da sanin inda za a kashe ƙarfi da inda za a adana shi, da natsuwa a lokacin da aka ji duka, sai an daɗe ana tara shi. Ganiya ita ce 'yan shekarun da waɗannan biyu suke haɗuwa: jiki bai fara sauka sosai ba, ilimi kuma ya nuna. Ga yawancin 'yan dambe hakan yana faɗowa ne daga wajen shekara 26 zuwa farkon 30. Masu ƙananan aji, waɗanda jarinsu sauri ne da yawan naushi, sukan riga kaiwa kuma su riga sauka. Masu nauyi sukan daɗe, domin dambensu bai kai wancan gudu ba, kuma naushi guda yana iya raba gardama.

Babu wanda rayuwarsa ta bayyana wannan kamar Muhammad Ali. An haife shi a 1942, ya ƙwace kambun duniya daga hannun Sonny Liston a 1964 yana da shekara 22. Wanda ya kalli karawarsa da Cleveland Williams a Nuwamban 1966 zai ga abin da ba a saba gani ba: ƙato mai kusan kilo 100 yana yawo a kan yatsun ƙafa, yana duka yana ja da baya, ya gama da mutum a turmi na 3 kusan ba a taɓa shi ba. A 1967 ya ƙi shiga sojan Amurka lokacin yaƙin Biyetnam, aka ƙwace kambunsa aka hana shi dambe. Bai dawo ba sai Oktoban 1970. Daga shekara 25 zuwa 28 yana zaune, wato daidai tsakiyar ganiyarsa.

Alin da ya dawo ba ya iya rawar ƙafa turmi 15. A Kinshasa, ranar 30 ga Oktoban 1974, yana da shekara 32, ya fuskanci George Foreman mai shekara 25, wanda ba a taɓa doke shi ba a wasa 40. Ali ya yi yawo a turmin farko, ya gane in ya ci gaba a haka shi zai riga gajiya. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Sai ya koma jikin igiya ya kwanta da baya, ya rufe fuska da hannuwa, gwiwoyin hannu suna kare haƙarƙari, ya bar Foreman yana ta jibga. Turmi na bin turmi, naushin saurayin yana ƙara nauyin fita. A na 8 Ali ya fito daga igiya ya jera masa naushi, ya ƙarasa da dama, Foreman ya faɗi bai tashi a kan lokaci ba. A daren nan mai shekara 32 ya fi mai 25 juriya, domin ya san yadda ake tattalin ƙarfi, shi kuwa saurayin bai sani ba.

Sai dai nasarar ta koya wa Ali darasi mai tsada: cewa zai iya shanye duka ya yi nasara. Da wannan ya shiga karawarsa ta uku da Joe Frazier a Manila a 1975, inda suka yi turmi 14 cikin tsananin zafi kafin kocin Frazier, Eddie Futch, ya hana yaronsa fita na 15. Da shi ya shiga ta Earnie Shavers a 1977, wadda bayanta likitansa, Ferdie Pacheco, ya ba shi shawarar ajiyewa, da ya ƙi kuma likitan ya bar tawagarsa.

Shekarun haihuwa da shekarun duka

Ɗan dambe yana da shekaru iri biyu: waɗanda ke rubuce a takardar haihuwa, da waɗanda duka ya ɗora masa. Na biyun sun fi faɗin gaskiya.

Tun 1928 wani likitan Amurka, Harrison Martland, ya yi rubutu a kan tsofaffin 'yan damben da suke tafiya suna tangaɗi, maganarsu tana sarƙewa, hannu yana karkarwa. Duk naushin da ya girgiza kai yana sa ƙwaƙwalwa ta motsa a cikin ƙoƙon kai, kuma ba sai an suma ɓarnar take taruwa ba. Dubban ƙananan naushi na damben gwaji suna cikin lissafi. Binciken da asibitin Cleveland Clinic ya fara a Las Vegas a 2011 a kan ƙwararrun 'yan dambe ya gano cewa yawan wasannin da mutum ya yi yana tafiya tare da ƙanƙancewar wasu sassan ƙwaƙwalwa da raguwar saurin tunani. Wannan ne ya sa ɗan damben da a da yake shanye duka yakan wayi gari naushin da bai kai ya kawo ba ya kayar da shi.

Wilfred Benitez na Puerto Rico ya fara damben kuɗi yana da shekara 15, ya ɗauki kambun duniya a 1976 yana da 17. Bayan ya sha kaye a hannun Thomas Hearns a 1982, yana da 24, bai sake komawa matsayinsa na da ba, kuma daga baya ciwon ƙwaƙwalwa ya kwantar da shi. Bernard Hopkins na Filadalfiya kuwa kurkuku ne ya cinye farkon samartakarsa, bai fara damben kuɗi ba sai 1988 yana da 23. Ba ya shan giya, ba ya barin nauyinsa ya hau tsakanin wasa da wasa, kuma salonsa na kare kai ne: haɓa a ɓoye bayan kafaɗa, naushi ɗaya ko biyu masu tsafta, sannan ya riƙe mutum ya sanyaya wasan zuwa saurin da ya dace da shi. A 2011, yana da shekara 46, ya doke Jean Pascal a Kanada ya ɗauki kambun duniya, har ya faɗi ƙasa yana motsa jiki a gaban jama'a kafin a fara wani turmi, don ya nuna wa saurayin bai gaji ba. Ya sake ɗaukar kambu yana 48, ya ƙara wani yana 49. Amma shi ma a Disamban 2016, yana da 51, Joe Smith Jr. ya jefo shi waje ta tsakanin igiyoyi a turmi na 8. Tattali yana jinkirta ranar, ba ya soke ta.

Dare biyu a Las Vegas

Duk tsohon ɗan damben da ke son dawowa, sunan Foreman yake kamawa. Foreman ya ajiye dambe a 1977, ya koma wa'azin coci, ya yi shekara 10 ba wanda ya taɓa kansa. Da ya dawo a 1987 ya yi ƙiba, ya rage sauri, amma ya bar gaggawar da ta kayar da shi a Kinshasa. Yana takawa a hankali, hannuwa a giciye a gaban fuska, yana tura hagu mai nauyi, ba ya ɓarnar naushi. Ranar 5 ga Nuwamban 1994, yana da shekara 45, ya hau fage a Las Vegas da Michael Moorer, bahago mai shekara 26. Turmi 9 Moorer yana dukansa, idon Foreman na hagu ya kumbura, alƙalan maki duka uku sun sa saurayin a gaba. Amma Moorer yana ta tsayawa a gabansa, duk da kocinsa yana gargaɗinsa. A turmi na 10 Foreman ya tura hagu, ya bi da gajeriyar dama a haɓa. Moorer ya kwanta rigingine, aka ƙirga 10. Foreman ya juya kusurwa ya durƙusa yana addu'a, sanye da jan wandon da ya sa a Kinshasa shekara 20 da suka wuce.

Abin da masu kafa hujja da wannan dare suke mantawa shi ne sharuɗɗan da suka taru kafin ya yiwu: hutun shekara 10 daga duka, ajin masu nauyi, naushin da samun irinsa sai an tona, da abokin karawar da ya tsaya inda bai kamata ba. Ko da hakan, sai da ya sha duka turmi 9 kafin damar ta zo.

Daren da ya fi kama da abin da ke samun yawancinsu shi ne na 2 ga Oktoban 1980, a wannan gari dai. Ali, yana da shekara 38, bayan shekara 2 bai yi dambe ba, ya dawo neman kambu a hannun Larry Holmes, wanda a da yaronsa ne na damben gwaji. Ya rage nauyi, ya rina gashi, a hoto kamar Alin da. Amma watanni kafin wasan, likitocin da suka duba shi sun lura yana ɗan kuskuren taɓa hancinsa da yatsa, duk da haka aka ba shi lasisi. Da aka fara, sai ya jingina da igiya kamar yadda ya yi wa Foreman, jama'a suna jiran ya fito. Bai fito ba. Hannunsa ya ƙi tashi. Holmes yana duka yana waiwayen alƙalin wasa ko zai tsayar. Bayan turmi na 10 kocin Ali, Angelo Dundee, ya ce ya isa. Holmes ya lashe kowane turmi, kuma ya zubar da hawaye bayan wasan. Ali ya ƙara dambe ɗaya a 1981 ya sha kaye, a 1984 kuma aka tabbatar yana da cutar Parkinson mai sa karkarwar jiki.

Me ke dawo da su? Sau da yawa kuɗi ne. Joe Louis, wanda ya riƙe kambun masu nauyi daga 1937 zuwa 1949, bashin haraji ne ya maido shi fage, har Rocky Marciano ya fitar da shi ta igiya a 1951 yana da shekara 37. Wani lokaci kuma rashin sanin abin da mutum zai zama ne in ba ɗan dambe ba, tunda tun yana yaro ba a san shi da wani suna ba.

Namu na gida

Zakarun duniya biyu na farko da Najeriya ta fitar sun bi hanyoyi daban. Hogan Bassey, ɗan Kalaba, ɗan ƙaramin aji ne mai dogaro da sauri. Ya ɗauki kambu a Faris a 1957 yana da shekara 25, ya rasa shi a hannun Davey Moore a 1959, da ya sake faɗuwa a karawar fansa sai ya ajiye yana da 27, ya koma horar da 'yan damben ƙasa. Dick Tiger kuwa bai fara da wuri ba, ya sha kaye a wasanninsa na farko a Ingila, bai ɗauki kambu ba sai 1962 yana da 33, lokacin da ya doke Gene Fullmer, kuma ya kare kambun a Ibadan a 1963. A 1966, yana da 37, ya hau aji na gaba ya doke Jose Torres. Ɗaya ya nuna da wuri ya san lokacin tashi, ɗaya ya nuna a makare saboda salonsa na ƙarfi da haƙuri ne.

Damben gargajiya turmi 3 ne, don haka matsalar dogon numfashi ba ta kai ta boksin ba, kuma gogaggen ɗan dambe yana iya daɗewa yana kisa da dabara da sanin lokacin saki. Amma ta fuskar shekarun duka, lamarin ya fi tsanani. Hannun da aka naɗe da zare ba shi da laushin safar hannu, ana dambe akai-akai, kuma wanda aka kashe yau yana iya sake zare hannu kafin kansa ya huce. Ga kuma makaɗa: taken da aka yi wa mutum yana ganiyarsa haka za a buga masa shi bayan shekara 15, kirarin bai ragu da komai ba, kuma da wuya namijin da ya ji takensa a gaban 'yan ɓangarensa, ko Kudu ko Jamus ko Guramada, ya zauna. Sai dai al'adar tana da mafita mai daraja. Tsohon ɗan dambe yana zama ubangida, ya reni yara, a riƙa kiransu shagon wane ko autan wane, sunansa yana ci gaba da shiga fage shi yana zaune. Wannan hanya ta cancanci a ƙarfafa ta, a kuma girmama wanda ya bi ta da wuri kamar yadda ake girmama mai kisa.

Ana cewa jiki magayi, amma a dambe jikin yakan makara wajen faɗa, kuma ma'aunin da ɗan dambe ya fi yarda da shi, wato ƙarfin hannunsa, shi ne na ƙarshen lalacewa. Ga shi tun yana yaro an horar da shi kada ya saurari gajiya, kada ya yarda an fi ƙarfinsa. Halin da ya mai da shi zakara ba zai juyo ya ce masa ya tsaya ba. Saboda haka bai kamata a bar masa hukuncin shi kaɗai ba. Gasar Olamfik ta sa shekara 40 a matsayin iyaka, amma damben kuɗi ya dogara ne da mutanen da ke kewaye da ɗan wasan: likitan da zai duba ƙwaƙwalwa ya faɗi abin da ya gani ko da za a ji haushinsa, hukumar da za ta hana lasisi ko da an sayar da tikiti, kocin da zai jefa tawul ko da rabonsa zai ragu, da ubangidan da zai sa yaronsa ya koyi sana'a ya yi tanadi tun kuɗi suna shigowa. Alamomin ba ɓoyayyu ba ne: ana samunsa da naushin da a da yake kauce wa, ƙananan yara suna wahalar da shi a gwaji, maganarsa ta fara nauyi. Wanda aka tsayar da wuri ya yi asarar wasa ɗaya ko biyu da kuɗinsu. Wanda aka bari ya makara, shi da matarsa da 'ya'yansa ne za su yi sauran rayuwarsu suna biya.